Sashe na Sha Huɗu a Motar Lusail

Mubarika ta karanta dokar harajin nan sau uku, kuma ba wanda ya sa ta. Aikinta a otal ɗin da ke unguwar West Bay a Doha shi ne ta jera kujeru a ɗakin taro, ta ajiye ruwa da biro gaban kowace kujera, ta tabbatar lasifika na magana. Amma da yake ita kaɗai ce mai jin Hausa cikin ma'aikata, sai aka haɗa ta da baƙin da suka zo daga Najeriya: 'yan majalisa bakwai na kwamitin kuɗi, daga jihar su Mubarika ma, da mutumin da ya kwaso su.

Mutumin shi ne Malam Shamsudeen. Katinsa ya ce Babban Manaja Mai Kula da Harkokin Majalisa a Hukumar Tara Haraji ta Jiha. Muƙamin ya cinye gaban katin kaf, har lambar waya ta koma baya. Sau biyu ya ba ta katin a rana ɗaya. Aikinsa, yadda ta fahimta, shi ne ya sa 'yan majalisa su amince da sabuwar dokar da hukumarsa ta rubuta. Wata takwas yana bin su ofis-ofis a gida ba su zauna ba, sai aka ce a kawo su Doha kwana huɗu su natsu, su kuma ga yadda ake karɓar haraji a ƙasar da ta ci gaba. Ba wanda ya gaya musu cewa a nan ko albashi ba a cire wa haraji. Mubarika ma ba ta faɗa ba, don ba a tambaye ta ba.

Ita sakandare ta gama. Sauran ilimin a waya ta tsince shi, a motar ma'aikata tsakanin Al Rayyan da wurin aiki. Tana da ɗan littafi da take tara manyan kalmomi a ciki, da gilashi marar magani da take sakawa in za ta yi tunani. Ba abin da ta tsana kamar mutum mai nuna shi wani ne, kuma takan yi wa Kaneng, abokiyar ɗakinta, bayanin haka na tsawon awa guda.

Ranar farko, tana jera kofen dokar kan tebur, ta buɗe ɗaya don ta samu abin dariya. Sai ta kai sashe na sha huɗu. Sashen ya ce duk mai sana'a, ko a ƙofar gida take yi, dole ta shiga shafin hukumar a intanet kowane wata ta bayyana cinikinta, in ba ta yi ba a rufe sana'ar. Ummanta awara take soyawa a ƙofar gida shekara ashirin ke nan. Wayarta mai tocila ce, kuma tocilan ta fi amfani da shi. Mubarika ta sa gilashinta, ta cika shafi tara da rubutu, ta sa masa suna Falsafar Haraji da Makomar Ƙaramin Ɗan Kasuwa. Ta zauna jiran ranar da kwamiti zai cika, wani ya waiga ya ce ko akwai mai ƙarin bayani.

Kwamiti bai cika ba. Ƙa'ida ita ce sai biyar cikin bakwai sun zauna wuri ɗaya kafin a sa hannu. Ranar farko uku suka zo. Rana ta biyu mutum biyu, ɗaya ma lambar wayfai ya zo tambaya. Rana ta uku ciyaman, Honarabul Haladu, ya shigo shi kaɗai, ya tsaya ƙarƙashin allon taro aka ɗauke shi hoto yana nuna takarda da yatsa, ya fita.

Ranar ƙarshe da safe ta tarar da Malam Shamsudeen zaune cikin kujeru bakwai, ya shanye ruwan mutum uku.

"Malama Mubarika, ke da kika san garin nan, ina suke zuwa ne?"

"Ranka ya daɗe, biyu suna kasuwar gwal, biyu na wajen turare, ɗaya yana asibiti ana duba masa haƙori. Madam Jael na wurin ƙanwarta nas. Ciyaman yana barci."

"Yau jirginmu zai tashi. In na koma ba sa hannu, sashen lambar Keke Napep za a mayar da ni."

Ta gyara gilashi. "Zan tara maka su. Amma ka ba ni minti biyar in yi magana a gabansu."

"A kan me?"

"A kan dokar."

"Kin karanta ta ne?"

"Sau uku."

Ya dube ta kamar ta ce ta cinye fayil ɗin. "Ni da na rubuta ta ma," ya fara, sai ya fasa. "Minti biyar. Na yarda."

Ta tura saƙo a zauren wayarsu cewa motar otal za ta tashi ƙarfe goma zuwa babban kantin Lusail, an karya farashin akwatuna. Gaskiya ce kuwa, an karya. Goma saura minti goma duk bakwai ɗin suna cikin mota, har da mai haƙori, da auduga a kumatu. Mubarika ta sunkuya wajen Rashad, direban, wani dattijo ɗan Sudan da ba ya tambayar dalili, ta ce ya bi doguwar hanya, ya yi ta zagaye, kar ya tsaya sai ta ce khalas, wato ya isa. Ya ce yalla, wato mu je, ya rufe ƙofa.

Suna hawa babban titi Malam Shamsudeen ya miƙe yana raba takardu.

"Shamsu, wannan ai kwanton ɓauna ne," in ji ciyaman.

"Ranka ya daɗe, zama ƙa'ida ta ce a yi. Ga shi kowa a zaune yake."

Wani daga baya ya ce shi ba a yi masa haka, a sauke shi. Rashad ya gangara gefe ya buɗe ƙofa. Zafin Doha na watan Yuli ya shigo kamar an buɗe murfin tanda. Ɗan majalisar ya kai ƙafa ɗaya matakala, ya duba titi, ba ko inuwar falwaya. Ya dawo kujerarsa ya ce don girman ciyaman zai haƙura.

Aka fara karatu. Sashe na ɗaya, an amince. Na biyu, an amince. Daga na biyar ma tun manaja bai rufe baki ba ake amincewa. Sun wuce filin ƙwallon Lusail sau biyu lokacin da aka iso na sha huɗu. Malam Shamsudeen, tsakani da Allah mutum ne mai cika alkawari, ya miƙa mata makirufon motar.

Abin da ta kwana uku tana jira ke nan. Ta buɗe shafinta na farko. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya da muƙamansu. Ta ce kafin a fahimci haraji sai an fahimci asalin ɗan Adam a matsayinsa na halitta mai mu'amala. Ta taɓo tsohuwar Misira. Ta ce yarjejeniyar zamantakewa sau huɗu, don kalmar ta daɗe a littafinta ba ta samu wurin fita ba. Tana jin muryarta a lasifika, kuma gaskiya muryar ta yi mata daɗi. Da ta ɗaga kai, mai haƙori ya yi barci, ciyaman na auna zobe a yatsa, Malam Shamsudeen ya ɗaga mata yatsa ɗaya. Saura minti ɗaya, tana shafi na biyu, ko Ummanta ba ta ambata ba.

Madam Jael, wata dattijuwa da ke kujerar gaba tana cin dabino, ta taɓa mata hannu.

"Ɗiyata, Misira ta yi nisa. Me kike so?"

Mubarika ta duba shafi bakwai da suka rage. Gilashin ya zamo kan hancinta saboda gumi, ta cire shi.

"Mama, Ummata awara take soyawa a ƙofar gida. Sashen nan ya ce ta shiga intanet duk wata, ko a rufe ta. Wayarta mai tocila ce."



"Shamsu, haka ya ce?" in ji ciyaman.

"Ranka ya daɗe, haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba."

"Kwana huɗu muna ƙasar da ta ci gaba. Ka ga mai awara?"

"Ban gani ba, ranka ya daɗe."

"Daga ina ka kwaso shi?"

Malam Shamsudeen ya ce an yi nazarin dokokin ƙasashe da dama. Madam Jael ta ce wato kwafa ya yi. Mai haƙori ya farka ya ce ta bayan auduga, gwaggonsa ƙuli-ƙuli take yi, kuma in aka rufe ta a falonsa za ta tare. Ciyaman ya ajiye zoben. Ya ce a mazaɓarsa kowane lungu akwai kaskon awara, kuma ranar zaɓe layin matan nan ya fi na maza tsawo, ba sa tafiya sai an ƙirga.

"A cire masu sana'ar ƙofar gida. Akwai mai ja?"

Ba mai ja. Sauran sassan aka bi su da gudu, aka sa hannu a jikin bayan kujeru. Mubarika ta ce khalas, Rashad ya juya sitiyari. Ashe kantin yana bayansu, tafiyar minti uku.

Da rana ita aka ba rahoton taron ta buga. Malam Shamsudeen ya tsaya a kanta yana faɗa tana rubutawa: bayan zama huɗu da nazari mai zurfi kan tsarin ƙasar Qatar, kwamiti, bisa shawarar Babban Manaja, ya ga dacewar gyara sashe na sha huɗu. Sunanta ya fito a shafin ƙarshe, wajen godiya, tsakanin direba da masu shayi. Da zai tafi ya ba ta katinsa.

Ta kira Umma daga motar ma'aikata.

"Umma, yau na gabatar da ƙasida gaban kwamitin majalisa."

"To madalla. Kin ci abinci?"

"An gyara sashe na sha huɗu, Umma. Ba mai rufe ki."

"Da wa zai rufe ni? Ke bari, mai na ƙonewa."

Wayar ta katse. Mubarika ta mayar da gilashinta. Shafi bakwai ɗin nan da ba a ji ba suna jakarta, kuma har yanzu tana ganin na shida ya fi duka kyau. Da ta isa ɗaki ta tarar da Kaneng na guga, ta ba ta labarin yadda mutane ke son a san su wasu ne, musamman mai katin nan. Sai da ta gama ta tambaye ta ko ta san inda ake buga kati a Al Rayyan, da kuma ko Mai Ba da Shawara Kan Harkokin Majalisa da Haraji zai shiga gaba ɗaya in an ƙanƙanta rubutun.