Dabinon Inna Amsa

"Ke Luba, ina za ki kai mini shi?"

Ina bakin ƙofa rungume da tukunyar, sai muryar Inna Amsa ta tsayar da ni. Na ce waje zan kai shi ya sha rana, ai ko gero sai da rana.

"Mayar da shi bayan labule. Wannan ba gero ba ne, kunya gare shi."

Na mayar ina gunaguni. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata a ƙauyenmu na gefen Bici, kuma tun da aka kawo ni amarya na san ta da fartanya a kafaɗa. Ciwon ƙafa ya zaunar da ita damina biyu, ba ta taka gonar gyaɗarta ba. Da jikarta Tahira, mai karatu a birni, ta ga tsohuwa tana neman ƙarewa da zaman shiru, sai ta sayo mata ɗan dabinon ado a unguwar Rijiyar Zaki can birni, irin wanda masu hali ke ajiyewa a falo. Tsawonsa bai wuce gwiwa ba, ganyensa sirara masu laushi.

Ni dai ban ga amfaninsa ba. Ba 'ya'ya, ba inuwa, ba a miya da shi. Mijina Sha'aban ma cewa ya yi ko akuya sai ta yi tunani kafin ta ci. Amma Inna ta samu gona. Kullum da hantsi sai ta ja jiki, ta tsoma yatsa a ƙasar tukunyar. In da danshi, ta ƙyale shi. In ta bushe, ta ba shi moɗa ɗaya ta jira rarar ta tsiyaye ta hujin gindi. Ranar Juma'a ta goge ganyen da jiƙaƙƙen tsumma ɗaya bayan ɗaya, ta datse bakin da ya yi ja da almakashi.

"Yawan ruwa ke kashe shi," in ji ta. "Ku yaran yanzu in kuna son abu sai kun shaƙe shi."

Da bazara ta kama, jikinta ya yi nauyi. Wata Laraba na kai mata kunu, ta kurɓa sau biyu ta ture, ta nuna kusurwar da haɓa.

"In na riga ki, ki ɗauke shi. Mutanen gidan nan ba su san halinsa ba."

"Haba Inna, wa ya san gawar fari?"

"Na ce ki ɗauke shi."

"To, na ɗauka, Inna."

Ranar Asabar da safe ta cika, da kalmar shahada a bakinta, aka kai ta bayan azahar. Na yi kuka har kaina ya yi ciwo, domin uwa ce na rasa ba maƙwabciya ba. Gida ya cika maƙil. Aka kwashe kayan ɗakinta kaf don a shimfiɗa wa mata masu gaisuwa tabarmi, ni kuwa ina gindin murhu ina fama da tukwanen abincin baƙi. Wallahi ko sau ɗaya dabinon bai faɗo mini a rai ba.

Sai ranar sadakar uku, na zagaya bayan rumbu neman itace, na gan shi. Kwana uku a tsakiyar ranar bazara! Ganyen ya ƙone ya yi fari-fari, mata kuma sun yi ta juye masa ruwan wanke-wanke har tukunyar ta zama taɓo. Akuyar da Sha'aban ya yi wa shaida ta cinye gefe ɗaya. Tsohuwa ba ta bar mini gona ba, ba ta bar mini zani ba, abu ɗaya ta roƙe ni, shi ma na kasa. Alkawari kaya ne, ranar na ji nauyinsa.

Na kai shi ɗakina, na sauke kwallaye daga kusurwa na ba shi wurin. Na yanke duk abin da ya mutu, ya rage 'yan kara huɗu tsirara. Na sake masa ƙasa mai yashi. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne riƙe hannuna, don kullum zuciyata cewa take in ƙara ruwa. Sha'aban kan leƙo ya ce, "Yaya mai jiki?"

Ranar arba'in Tahira ta shigo gaishe ni. Tana shigowa idonta ya sauka kan tukunyar. Na gaya mata gaskiya, ban ɗora wa kowa laifi ba. Ta durƙusa ta daɗe tana dubawa.

"Anti Luba, zo ki gani."

Daga tsakiyar kara ɗaya wani ɗan kore ya leƙo, siriri kamar tsinken tsintsiya, bai ko buɗe ba. Muka zauna a ƙasa mu biyu muna kallonsa, Tahira tana share ido da gefen mayafi. A waje an fara rabon waina, yara suna kiran sunana ta kan katanga, ni kuwa na ce su jira.