Bugu Biyar na Abba

Saura kwana takwas in miƙa kundin digirina na faɗo daga keken haya, na karya hannun dama. Babi uku suna nan rubuce da biro, ba a buga ba. Wanda ya wuce ƙarfe huɗu na ranar Alhamis kuwa, sai baɗi.

Abbana ko a jikinsa. Shekara talatin ya yi a ƙofar kotu a nan birnin Rajshahi yana buga wa mutane takardu da tafireta, har gobe kuma gani yake kwamfuta tafireta ce da ta samu wuri.

"Miƙo nan, Tahmina. Me suke so?"

"Tazara biyu tsakanin layi da layi, Abba. Akwai inda ake dannawa..."

"Ni za ki koya wa tazara?"

Kwana shida yana jibgar kwamfutata kamar ta yi masa rashin kunya. Rubutu kuwa ya fito tsaf, ba zan ci haƙƙinsa ba.

Ranar Alhamis muka tafi shagon Jalal mai ɗinkin kundi, Abba har da farar rigarsa ta Idi. Jalal ya ƙara filin gefen hagu saboda ɗinki. Nan take rubutun ya wargaje: layi dogo, kalma ɗaya tilo a ƙasansa, fili, wani dogon kuma.

"Baffa," in ji Jalal, "ba dai a ƙarshen kowane layi da hannu kuke saukowa ba?"

"Da ƙafa ake saukowa?"

Ashe sau biyu yake danna maɓallin sauka a kowane layi, yadda ya saba tura tafireta. Jalal ya danne dariya da tari. Ya sa kwamfuta ta share duk saukowar nan gaba ɗaya, sai babi ukun suka cure, sakin layi ɗaya shafi arba'in.

"Sai mu bi mu raba da hannu," ya ce. "Awa uku, in an yi sauri."

Ƙarfe biyu da rabi ta yi. Amma da na dubi Abba sai na manta da digirin. Ya cire tabarau yana ta gogewa da bakin riga, ya ƙi kallona. Tausayinsa ya kama ni.

Can ya ce a hankali, "Biyar."

"Na'am, Baffa?"

"Kowane sakin layi, sau biyar nake buga fili kafin in fara. Da rula maigidana ya koya min."

Jalal ya sa a nemo duk inda fili biyar ya jeru. Ɗari biyu da sha huɗu. Ya nemi mai huɗu, babu. Mai shida, babu. Da dannawa ɗaya kowane sakin layi ya koma mazauninsa, da ta biyu tazara ta zauna. Jalal ya miƙe tsaye, ya aika a kawo wa Abba shayi.

Huɗu saura minti goma na miƙa kundin.

A keken komawa gida Abba ya riƙe ni gam ta hannun hagu, yana ta yi wa mai keke faɗan ramuka. Sai da muka kusa gida ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Na kusa cinye miki shekara, ko?"

"Kun ceto min ita, Abba."

Ya gyara murya.

"Wurin dannawar nan da kika ce. In hannunki ya warke, ki nuna min. Amma kada ki gaya wa Jalal."