Kumatun Inna

Tunda Kulu take, ba ta taɓa jin sunanta a bakin Inna ba. 'Yar fari ce, ita kuwa Inna mutuniyar da ce, sai dai "ke" ko "waccan". Amma Rumasa'u, autar da ke aure a Kebbe, sunanta ma har ja masa wutsiya ake yi.

Da cutar daji ta kama Inna, gidan Kulu a Tambuwal aka kawo ta, don ya fi kusa da asibitin Sakkwato. Can ake yi mata ƙarin ruwa da wani magani mai zuga garkuwar jiki ta yaƙi cutar. Ranar farko, tare da auta Inna ta shiga wurin likita, aka bar Kulu a baranda tana gadin kwanuka.

Ita ke wanki, ita ke dama fura, ita ke tuƙa tuwo mai laushi. Amma da wayar Inna ta yi ƙara, sai Inna ta juya baya ta rage murya, ana ta ƙus-ƙus da Kebbe. Kulu ta ji kishi, kishi na gaske, irin mai hana mutum cin abinci. Wata safiya ta kashe wayar ta tura ƙasan adaka, ta ce caji ya ƙi shiga.

To, sai ga fuskar Inna ta fara cika, kumatu sun fito. Kulu kamar ta taka rawa. Duk wadda ta zo dubiya sai ta nuna mata. "Ku duba yadda taƙ ƙiba a hannuna!" Jira kawai take auta ta zo ta gani.

Ta kuwa zo, a bayan babur, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Yaya, tun yaushe ni ka kira! Tun waya na shiga Inna ta ce mani fitsarinta ya ragu, kai na sara. Likita ya ce in anka ga haka a maido ta maza."

Ta yaye zanen Inna, ta danna yatsa a ƙaurinta. Ramin ya zauna kamar a ƙullun fulawa.

"Wagga ba ƙiba ba ta, Yaya. Ruwa na."

A Sakkwato likita ya ce garkuwar da aka zuga ta juyo kan ƙoda, jini kuma ya hau. An dakatar da maganin, za a yi ƙoƙarin ceto abin da ya rage. Wannan karon Kulu ta kutsa ɗakin, ba wanda ya gayyace ta.

"Mama," in ji likita, "ga 'yarki kuna gida ɗaya. Me ya hana ki gaya mata?"

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Ɗiyat fari ta, likita. Da wane baki zan yi mata zancen fitsari?"

Kulu ta tsaya, wayar da ta ciro daga ƙasan adaka tana cikin jakarta, har yanzu a kashe. Ta matsa za ta gyara wa Inna matashi. Inna ta kau da kai, ta miƙa hannu ɗaya gefen.

"Rumasa'u, kama ni in tashi."