Kuskuren Makon Sallah a Hawa na Talatin

Shekara ashirin da shida Pak Sudarmaji (Pak, wato Malam a yarensu) ya yi yana kula da shige da ficen kaya a wani kamfanin jiragen ruwa a birnin Jakarta, kafin a rufe shi a sallami kowa. Yana da shekara hamsin da huɗu. Wuri goma sha tara ya aika wa takardar neman aiki, ɗaya tak ya kira shi: wani babban kamfanin fasaha da ake sayen kaya ta waya ya kai wa mutum har gida. Mai kula da rumbunan kaya da direbobi suke nema. Ya sani sarai, in wannan ta kuɓuce masa, sai komawa ƙauye.

Ya sa rigarsa ta batik, atamfar ƙasarsu, mai dogon hannu. A hawa na talatin na ginin kamfanin ya tarar da mutum biyu. Bu Anindya (Bu, wato Malama), shugabar sashen, sa'ar 'yarsa ce. Mataimakinta Gilang kuwa silifas ne a ƙafarsa. Pak Sudarmaji ya dubi silifas ɗin sau ɗaya, ya kawar da kai.

Bayan 'yan tambayoyi, Bu Anindya ta haska wani jadawali a bango.

"Ni na tsara wannan da hannuna," in ji ta. "Za mu kwashe kaya daga tsohon rumbu zuwa sabo, manyan motoci tamanin, kwana biyar. Me ka gani, Pak?"

Ya duba kwanakin. Makon Ƙaramar Sallah ne, makon da direba da ɗan dako kowa ke tafiya garinsu neman gafarar iyaye, birni ya zama kamar an share. Wa zai tuƙa motocin?

Amma a ƙasarsu ta Jawa, tsibirin da Jakarta take, tun kaka da kakanni, ba a gyara wa shugaba kuskure a gaban na ƙasa da shi. Haka ubangidansa na farko ya yi, haka wanda ya gaje shi ya yi: a jira sai an keɓe. Saboda haka ya sunkuyar da kai.

"Tsari ya yi kyau ƙwarai, Bu."

Gilang ya rubuta wani abu. Bu Anindya ta yi godiya a taƙaice, ta raka shi bakin lif, na'urar hawa da sauka bene. Nan ya rage murya.

"A gafarce ni, Bu. Kwanakin nan sun faɗa makon Sallah. Ko direba goma ba za a samu ba."

Ta tsaya cak. "Ka gani dama?"

"Tun kallon farko."

"Inna lillahi! Pak, da gangan muka sa shi! Ai shi ne jarrabawar gaba ɗaya. Wanda ya yi shiru ya faɗi."

Pak Sudarmaji ya dube ta. "Da gangan? Ki ɓata aikinki da hannunki, ki kira baƙo ya kunyata ki a gaban yaronki?"

"To in motoci tamanin suka tsaya babu direba, ladabin naka ne zai tuƙa su?" Ta dubi agogo. "Gilang bai aika sakamako ba tukuna. Zo ka faɗa a gabansa, ko ka shiga lif."

Lif ya buɗe, ya rufe. Pak Sudarmaji ya bi ta. Ya tsaya a gaban jadawalin, ya nemi gafarar Bu Anindya, ya nemi ta iyayenta da suka yi mata tarbiyya, ya sake neman tata.

"Pak," in ji Gilang, "ka rage sauran neman gafarar nan sai ranar Sallah mana."

Dattijon ya nuna kwanakin. "Tsarin nan ba zai yiwu ba. Babu direbobi a makon."

Ya jira a kore shi. Gilang dai ya ce, "Yawwa!" Bu Anindya ma murmushi ta yi. Bai taɓa ganin irin wannan ba tun da yake aiki.

"To sai kuskure na biyu," ya ce, muryarsa ta ɗan ƙara ƙarfi. "Motocin da kuka rubuta tsayinsu mita huɗu ne. Gadar jirgin ƙasa da ke gaban sabon rumbun mita uku da rabi ce. Shekarar da na fara aiki, motarmu ta kwana biyu maƙale a ƙarƙashinta. Wannan ma kun iya ɓoye shi, wallahi."

Murmushin Bu Anindya ya ɗauke. Ta juya ta dubi Gilang, wanda bakinsa ke buɗe.

"Bu," in ji Gilang a hankali, "wannan ba mu muka sa ba. Motocin gaske ne. Jiya aka yi odarsu."

Ta ɗauki waya, ta ba da umarnin a dakatar da odar. Da ta ajiye, ta juyo wajen dattijon.

"Pak, za ka iya farawa ranar Litinin?"

"Zan iya, Bu." Ya gyara wuyan rigarsa, ya dubi silifas ɗin nan. "Kuma tunda a nan a gaban mutane ake faɗin gaskiya, Gilang ya nemi takalmi."