Fijon da Aka Gine a Tsakar Gida

Tun ina 'yan mata motar Babanmu take tsaye a tsakar gidanmu na Gwandu. Na yi aure na bar ta a nan, mijina ya rasu na dawo na same ta a nan, ko taku ɗaya ba ta matsa ba. Fijo ce a-kori-kura irin ta da, wadda Baba, Garba Direba, ya yi ta jigilar albasa da mutane da ita tsakanin Gwandu da Kalgo da Jega. Da idonsa ya fara mutuwa ya shigo da ita ta wata kafa da ke gabashin gidan, ya ce sai ya warke. Bai warke ba. Daga baya ya ba unguwa filin da ke bakin kafar aka gina masallaci, bayan masallacin ya zama katangarmu, mota ta kwana a ciki ke nan. Bayan rasuwarsa Inna ta gaje ta: a kan bonet take shanyar kuɓewa, kajinta kuma a gidan gaba suke ƙwai.

Sai na yi bayanin Inna da Yaya Zayyanu, don in ba haka ba labarin nan ba zai shiga kai ba. Yaya Zayyanu shi ne ɗanta na fari, kuma Inna Jummai mutuniyar da ce, kunyar ɗan fari take yi irin ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" take ce masa, in ta ji daɗinsa ta ce "mai mashin". Yana koyarwa a Kalgo, yakan zo gida ranar Juma'a da yamma, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. In tana da magana da shi, ni za ta gaya wa, ko ta gaya wa kaji da ƙarfi yadda zai ji. Mutum ya kusa shekara hamsin, da furfura a gemu, amma har yau ta bakin kaji yake jin saƙon uwarsa.

Wata rana ya ga hoton irin motar a waya, wani ya gyara ta tana walƙiya. Ya zo ya tsaya a kan tamu ya daɗe, sannan ya ce, "Wanke ta kawai zan yi." Na san Yayana. Mutumin da in ya zo ɗinke maɓalli sai ya warware rigar gaba ɗaya. Aka wanke, sai ya ga tayoyin sun zama abin kunya a jikin mota wankakkiya. Aka sa taya, sai batir.

A makon nan ne aka aiko daga Maruda cewa Inna Mubaraka ba ta da lafiya. Ita ce ƙanwar Inna, ciki ɗaya, su biyu kaɗai suka rage. Inna ta ce min, "Ki ce ma wancan ya samo min motar da za ta kai ni in gano ta." Na gaya masa yana shirin fita sallar la'asar. Da aka idar, maza suka zauna a ƙofar masallaci, wanda bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin Inna, suka fara yi masa tsiya a kan motar. Wani ya ce, "Malam Zayyanu, wagga ai sai 'yan gwangwan, su ɗora ta bisa sikeli." Aka yi dariya. Ni ina wanke-wanke na ji muryar Yaya ta tashi.

"Wallahi tallahi, ba motar da za ta kai Inna Maruda sai wagga. A cikinta anka kawo ta gidanga tana amarya, a cikinta za ta koma ta ga danginta."

Na dubi ƙofar ɗakin Inna. Ta ji, don carbin da take ja ya tsaya.

Washegari na ce mata rantsuwa ce ta zafin baki, kaffara kawai zai yi, liman ma zai faɗa. Ga motocin kasuwa nan, ga kabu-kabu. Ta ce gwiwarta ba ta hawa mashin, motar haya kuma amai take sa ta. Da na matsa ta fito da gaskiyar. "Gaban mutane yay yi rantsuwa. In na hau wata mota, ni ce na mai da shi maƙaryaci a unguwa. Ba ni yi."

Haka Umaru bakanike ya shigo rayuwarmu. Daga Kalgo Yaya yake ɗauko shi duk Asabar, da jakar sifanoninsa. Aka kafa zana tsakanin mota da madafa saboda namiji baƙo, tsakar gidan da dama ba faɗi gare shi ba ya koma lungu. In za ki bayi sai kin yi gyaran murya, in za ki shanya sai kin tsallake salansa. Da farko Umaru ya ce a saka mata wani injin na hannu, ta tashi cikin mako. Yaya ya ce injin Baba za ta tashi da shi ko ta zauna. Na ɗauka Umaru zai ja, ashe abin da yake jira ke nan. A kan irin motar ya koyi aiki, ya rabu da taɓa ta shekara da shekaru. Suka zama kamar yara biyu an ba su kwanon alewa. Wannan makon kafireta, wancan lagireto, suka gano mushen wata Fijo a bayan wani gida a Kalgo suka yi ta fiɗarta suna kawowa.

Duk zuwan da Yaya zai yi sai ya tambaye ni, "Ya jikin Inna Mubaraka?" Ni kuma in ce, "Da sauƙi." Abin da 'yan Maruda ke faɗa a waya ke nan, kuma abin da kowa ke faɗa ke nan ko mutum na kan gargara. Amma wata mai tallar man shanu da ke zuwa daga can ta gaya wa Inna ido da ido cewa ƙanwarta ta daina cin abinci, sai ruwan koko, kuma tana ta tambaya ko Jummai ta zo. Na miƙe zan je in gaya wa Yaya. Inna ta riƙe min zane.

"In kin hwaɗa mishi, ban yahe ba."

"Inna, ƙanwarki ta hwa."

"Na sani. Shi kau ɗana na. Shina ƙoƙari, kar ki ɗora mishi abin da ba ya iya ɗauka."

Na koma na zauna, raina kamar ya fashe. Haushin kowa nake ji: haushin Yaya da bakinsa, haushin Inna da kunyarta, haushin Baba ma da ya ga dama ya gine mota a tsakiyar gida ya tafi ya bar mu da ita. Ga magana a bakina, an ɗaure ni da rashin yafiyar uwa. Abin da na iya kawai shi ne zagaye-zagaye. Na ce masa, "Yaya, ka yi sauri, tsoho ba ya jira." Ya ce, "Ai an kusa."

Ranar da injin ya tashi ba zan manta ba. Ya yi tari, ya yi tari, ya tofo baƙin hayaƙi, sannan ya kama da wannan gurnanin da na sani tun ina ƙarama, wanda in muka ji shi daga nesa muke rugawa ƙofa. Kaji suka watse. Sai da na yi hawaye, ban ɓoye ba. Inna ta fito bakin ƙofarta ta tsaya tana kallon motar, ba ta kalli ɗanta ba. Can ta dubi wata kaza ta ce, "Shuɗiya ta, ranar da anka kawo ni. Kujerarta ja."

Tuna baya kawai take yi, na rantse. Amma Yaya duk rayuwarsa abin da aka gaya wa kaji shi ne umarni a wurinsa. Na ga fuskarsa ta canza, na san mun shiga uku.

Na same shi a bayan zana na ce, "Mota ta tashi. Ka hwasa katangar madahwa gobe, ka hidda ta, ka kai Inna. Fentin ya biyo baya."

Dama shirin ke nan tun farko, tunda ba mai taɓa masallaci: a rushe katangar arewa da madafar Inna ke jingine da ita, motar ta fita ta lungu. Ya girgiza kai. Wai in aka fasa yanzu gida zai zauna a buɗe, awaki da idon mutane su yi ta shigowa. Kuma ba zai fitar da ita da tsatsa waɗanda suka yi masa dariya su ƙara ba. "Yadda tas shigo za ta hita, Khairiyya. Ba ki ji abin da Inna tac ce ba?"

"Na ji. Kai ne ba ka ji ba."

Ya dube ni yana jiran ƙarin bayani. Na tuna hannun Inna a zanena, na juya na koma madafa.

Aka kankare tsohon fenti, motar ta koma dabbare-dabbare kamar mai ƙyasbi. Aka cire kujeru aka kai wa mai ɗinki a Kalgo. Da Umaru ya leƙa ƙasa ya ce ai ba a ɗaukar tsohuwa da wannan birkin, aka kwance shi shi ma. Duk abin da suka taɓa sai ya nuna musu na kusa da shi. Inna kuwa ta haɗa ƙullin tafiyarta tun tuni, da zane sabo da goro da ɗan man zafi da za ta kai wa ƙanwarta, ta ajiye a gefen gado. Goron ya bushe ta sake saye, ya sake bushewa.

Wata Asabar da hantsi, sun tayar da injin suna sauraron wani ƙara da Umaru ya ce bai yarda da shi ba, wayata ta yi kuka. Ɗiyar Inna Mubaraka ce. Ta ce Allah Ya yi wa mahaifiyarta cikawa da safen nan, za a jira Inna zuwa azahar ta yi mata kallon ƙarshe kafin a fita da ita.

Ban san da wane baki na faɗa ba. Na dai ji Inna na salati a ɗaki, a hankali, ba kuka. Yaya ya tsaya da tsumma a hannu. "Ba da sauƙi kunka ce ba?" Sai ya zabura ya ɗauko diga a zaure ya nufi katangar madafa kamar mahaukaci, ya kai mata sara, ƙasa ta zubo cikin tukunyar miyata. Umaru ya riƙe shi. Ya ce ko an rushe, sai an kwashe ƙasar, sai an cike kwatar lungu, ga ba kujera, ga birki nan kwance cikin tsohon kwanon Inna. Yau dai ba inda za ta. Yaya ya saki digar. Ya tsaya tsakanin motar da katangar, injin na ta gurnani. Duk haushinsa da nake ji ya zube, tausayinsa ya kama ni.

Inna ta fito da mayafinta da ƙullin nan a hannu. Ba ta neme ni ba, ba ta dubi kaji ba. Ta ɗaga zanan da kanta ta wuce, ta je har gabansa ta tsaya, ta ɗaga kai ta kalle shi cikin ido.

"Zayyanu."

Ya waiga bayansa, kamar wani ake kira.

"Zayyanu, ya isa hakanan. Ɗauko mashin ɗinka ka kai ni."

Ya buɗe baki, ina jin maganar rantsuwar zai yi. Ta ce, "Mu yi kaffarar tare."

Ya turo mashin ta zaure. Maza na zaune a ƙofar masallaci, sai suka miƙe tsaye. Ni da Umaru muka ɗaga ta saboda gwiwar, ta zauna a karkace, ƙullin a cinyarta. Ta nemi abin riƙewa a baya ba ta samu ba. Hannunta ya yi ta yawo a iska, daga ƙarshe ta ɗora shi a kafaɗarsa ta damƙe rigar. Ya share fuska da hannun riga, ya ja a hankali suka sha kwanar hanyar Maruda.

Na dawo ciki. Hayaƙi ya cika tsakar gida, motar na nan tana ta aiki ita kaɗai, ba kujera, ba birki, hancinta na kallon bayan masallaci. Na zura hannu ta taga na murɗa makullin na kashe ta, sannan na je na zubar da miyar.