Fiyano a Kore Mairuwa

Afra'u ta sake leƙawa ƙarƙashin babbar motar, inda Rabilu direba ke kwance yana ƙwanƙwasa ƙarfe.

"Sai yaushe?"

"Madam, ƙarfen ya karye. Sai an kawo wani daga Dogon Dutsi."

Ta ɗaga kai. Hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin. Mutanen Kore Mairuwa na ta murna, don gero ya fara yaushi. Ita kam ba ta murna. A bayan motar, cikin akwatin katako, akwai fiyano, babban abin kiɗan nan na Turawa, da ofishinsu na al'adu ya aro domin wani biki a Damagaram, aka ɗora mata alhakin rakiyarsa. Ya haura shekara ɗari, manyan makaɗan Turai sun buga shi a gaban sarakuna. Tamfal ɗin da Rabilu ya rufa masa kuwa duk huji ne.

Aka nuna mata sito ɗaya tilo da zai ɗauke shi, na wani matashin ɗan kasuwa, Mu'awiya. Ta same shi yana ɗinke buhun wake, ta yi masa bayani tiryan-tiryan.

"Hajiya, mi ne ne a ciki takamaimai?"

"Abin kiɗa ne. Amma ba irin wanda ka sani ba. Ko a can ƙasarsu sai da safar hannu ake taɓa shi."

"Kiɗa dai kiɗa ne. Na yi wa Allah alkawari ba ya shiga wurin sana'ata."

Ta ambaci sarakunan, ta ambaci wani yaƙi da ya taɓa cin gidan da fiyanon yake ciki, shi ya tsira. Mu'awiya ya saurara da ladabi, bai ajiye allurarsa ba. Ta ji kamar ta fizge ta ta jefar.

"In ya jiƙe, aikina ya tafi," ta ce a hankali. "Ina da 'ya'ya."

Ya dubi hadarin. Iska ta fara kwasar ledoji a kasuwa.

"Sito dai a'a. Amma rumfar bayan nan ta kawuna Modibbo ce, awakinsa yake ɗaurewa. Kwanonta sabo ne."

Majiya ƙarfi suka taru, suka sauke akwatin suna nishi. Mu'awiya bai sa hannu ba, amma shi ya kawar da turakun da ke hanya. Suna ajiyewa ruwa ya goce.

Wayarta ta yi ƙara. Shugaban ofishinsu ne daga Yamai.

"Ina fatan an sa shi inda ya dace da darajarsa?"

Afra'u ta dubi wata akuya da ta haye akwatin ta kwanta, tana tuƙa.

"A bushe yake, ranka ya daɗe," ta ce, ta kashe wayar.