Wacce Ta Fi Ƙyalli

"Don Allah kar ka bar shi ya yi shiru," in ji 'yar Baba Mai Fenti, tana cusa ƙafa a takalmi. Tukunyar iskar da ke taimaka wa mahaifinta numfashi ta kusa ƙarewa, za ta je ta karɓo wata, ta taho da likita. Kafin in ce mata na bar mutum a kujera da rabin kai a aske, har ta sauka daga bene.

Ni mai aski ne, shagona yana ƙasan gidan. Gara kuma in faɗa tun yanzu, matsoraci ne ni na bugawa a jarida. Ko kaza za a yanka sai na kau da kai. Yau ga ni daga ni sai Baba Mai Fenti, ƙirjinsa yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

A gareji ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana fesa wa motocin mutane fenti, har fentin ya cinye masa huhu. Da ƙarfi ya ƙare sai ya koma tara ƙananan motocin ƙarfe irin na wasan yara, kowacce ba ta fi yatsa tsawo ba. Ya cika kantocin ɗakin da su. Yaro bai isa ya taɓa ba, mu manya ma sai mun wanke hannu.

Ina tsaye ina ta zare ido. Shi ne ya nuna min wasu jajaye biyu da haɓa, ya ce in kai su bakin taga in gaya masa wacce ta fi ƙyalli. Abin a fili yake. Ta dama janta mai zurfi ne, kamar ka leƙa ruwa mai sanyi. Ta hagu ɗigo-ɗigon walƙiya kawai gare ta a sama. Na faɗi gaskiya. Ya gyaɗa kai, ya lumshe ido, ya yi shiru.

Na ƙura wa bargon da ya rufa da shi ido, ban ga yana motsi ba.

"A'a, Baba, na sake dubawa. Ta hagu ce."

Idanun suka buɗe.

"Kai dai aski ka iya," ya ce, yana haki. "Shi ma da ƙyar."

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Ya shiga yi min bayani guntu-guntu, wai walƙiya daban, ƙyalli daban. Ta hagu garin ƙarfe aka barbaɗa mata don ta ruɗi irina. Ta dama kuwa sai da aka yi ta shafa fenti ana gogewa, shi ya sa mutum ke ganin fuskarsa a jikinta.

Daga nan na gane dabarar. Na ɗauko baƙaƙe biyu, na zaɓi ta banza. Ya ce idona ado ne kawai. Na ɗauko shuɗɗa, na rantse da wadda fentinta ya yi ƙuraje kamar ɓawon lemo. Ya ɗaga yatsa yana girgizawa. Duk wannan ina satar kallon allurar awon iska da ke kan tukunyar, tana ta sauka. Na kira 'yarsa, ta ce cunkoso ya tare su, tana kuka. Daga ƙasa mai rabin kai yana ƙwala min kira. Garin sauri na haɗa motocin karo da juna, Baba ya harare ni saboda haka.

Amsoshinsa suka riƙa gajarta. Daga zagi ya koma tsaki, daga tsaki ya koma motsa gira. Sai hucin tukunyar ya ɗauke, ɗakin ya yi tsit.

Na wawuro wasu koraye biyu na ƙarshen kanta, na juya masa baya ina fuskantar taga, don ba zan iya kallonsa ba. Ɗaya tana ɗaukar ido. Ɗayar kuwa dusu-dusu take, ko alamar sheƙi babu.

"Wannan dusasshiyar ta fi duk motocinka ƙyalli, Baba."

Na jira. Na sake faɗa da ƙarfi, har na ƙara da cewa shi ne bai san fenti ba. Na daɗe a tsaye kafin in iya juyawa.

Kansa ya karkata wajen taga, hannunsa a buɗe a kan bargo. Na durƙusa a gefen gadon.

"Ƙarya nake yi, Baba," na ce a hankali. "Wannan ce."

Can ƙasa na ji ƙarar sabuwar tukunya tana bugun matakala, ana hawowa da ita da sauri. Na ɗora masa mai ƙyallin a tafin hannu. Ta ɗan gangara, ta tsaya a gindin yatsunsa.